Bitamin C da zink: wa ke buƙata, nawa ake sha, kuma yaushe

Tun lokacin kullen korona a 2020 mutanen Katsina suka fara ambaton bitamin C da zink tare. Kafin nan, bitamin C dai ƙwayar nan ce mai ɗan zaƙi da tsami da mai kemis ke ƙirgowa a leda idan an sayi maganin mura, zink kuwa in ba ma'aikatan asibiti ba, ba kowa ya san da shi ba. Yanzu da zarar hunturu ya kama, ƙura ta rufe gari tun daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Sauri, sai ka ji magidanci a bakin kanta yana cewa a haɗo masa da zink.

Dukansu biyu jiki na buƙatarsu, wannan babu ja. Abin da ke damuna shi ne inda kuɗin ke tafiya. Babban mutum lafiyayye ya sayi kwalbar dubban nairori yana sha kullum ba tare da wani dalili ba, alhali yaron gidan da gudawa ta kama, wanda shi ne zink ke iya ceton ransa, an ba shi kwana biyu an ajiye sauran a kan taga. Don haka na jero matakan nan yadda mai gida ko uwar gida za su bi, daga sanin aikin kowanne har zuwa yadda ake sha.

Mataki na farko: san aikin kowanne da yawan da jiki ke nema

Jikin ɗan Adam ba ya iya haɗa bitamin C da kansa. Akuya da tunkiya da saniya hantarsu ke yi musu, mu kuwa dole sai ta baki. Babban aikinsa shi ne taimaka wa jiki ya samar da sinadarin da ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini, shi ya sa rauni ke daɗewa bai haɗe ba idan ya yi ƙaranci. Yana taimaka wa garkuwar jiki, yana kuma sa hanji ya tsotsi sinadarin ayon da ke cikin wake da ganye da hatsi, wanda da shi ake yin jini. Mutumin da ya yi wata ɗaya zuwa uku bai same shi ba zai fara ganin dasashinsa ya kumbura yana jini, haƙora na girgiɗi, ga kasala, ga tabo-tabo a fata. Wannan cuta ta ci matuƙan jiragen ruwan Turai ba adadi. A 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya rarraba marasa lafiya 12 gida-gida ya gwada musu abubuwa daban-daban, waɗanda aka ba lemu da lemun tsami su ne suka tashi.

Abin da babban namiji ke nema a rana bai wuce miligiram 90 ba, mace 75, mai ciki 85, mai shayarwa 120. Mai shan taba sai ya ƙara 35 a kai. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 miligiram 15 ya ishe shi, ɗan 4 zuwa 8 kuma 25. Lemu ɗaya madaidaici na ɗauke da kusan miligiram 70. Ka riƙe wannan lissafi, domin ƙwayar da ake jefawa a ruwa tana tafasa miligiram 1,000 ce cif.

Zink shi ma'adini ne, kuma ɗan kaɗan ake buƙata: miligiram 11 ga namiji, 8 ga mace, 11 ga mai ciki, 12 ga mai shayarwa, 3 ga ɗan shekara 1 zuwa 3, sai 5 ga ɗan 4 zuwa 8. Amma ɗan kaɗan ɗin nan shi ke riƙe da girman yaro, da garkuwar jiki, da warkewar rauni, da jin ɗanɗano da ƙamshi, da gyaran bangon hanji. Jiki ba shi da rumbun ajiyarsa, sai dai a riƙa samu a kai a kai. A 1961 wani likita ɗan asalin Indiya, Ananda Prasad, ya ba da bayanin wasu samari a Iran da suka kai shekarun balaga amma jikinsu na yaran da ba su balaga ba. Abincinsu gurasar alkama ce marar yisti, nama kuwa sai dai labari. Daga baya a Masar aka tabbatar ƙarancin zink ne. Wannan labari ya shafe mu kai tsaye, domin gero da dawa da masara su ma suna da wani sinadari da ke ɗaure zink a cikin hanji ya hana jiki tsotsarsa. Gidan da kullum tuwo ne da miyar busasshiyar kuka, nama sai ranar salla ko suna, yaransa sun fi kusa da ƙarancin zink fiye da yadda ake zato.

Mataki na biyu: duba ko kana cikin masu buƙatar ƙwaya

Wanda ke cin 'ya'yan itace ko ɗanyen kayan miya kusan kullum, yana kuma samun nama ko kifi ko wake a mako, ba ya buƙatar ƙwayar ko ɗaya. Waɗanda suka fi kusa da ƙarancin bitamin C su ne tsoho ko tsohuwa da haƙora suka ƙare ba sa cin komai sai kunu da fura, da mai shan taba, da mara lafiyar da ya daɗe a kwance, da iyalan da rashin tsaro ya raba da gonakinsu suka koma cin abu ɗaya safe da dare. Na zink kuma: yaran da ke yawan gudawa, da yaran da ba sa girma, da masu ciki da masu shayarwa da ba sa samun nama, da masu sikila, da masu ciwon hanji mai daɗewa.

Akwai alamun da ake ɗora wa ƙarancin bitamin C alhali ba shi ba ne. Tsagewar leɓe da kaushi da haɓo a lokacin hunturu bushewar iska ce, maganinsu man kaɗanya da shan ruwa da rufe hanci. Jinin dasashi kuma, a mafi yawan mutane, dattin da ya taru a gindin haƙori ne ke kawo shi. Idan an sha bitamin C mako biyu jinin bai tsaya ba, sashen haƙori za a nufa.

Mataki na uku: fara da kasuwa da tukunya

Katsina ba ta rasa bitamin C a kowane lokaci na shekara. Da hunturu lemu ke cika baro a bakin titi, kuma daidai lokacin ne kayan noman rani ke fitowa daga wuraren da ke kusa da madatsun ruwa irin su Ajiwa da Jibiya da Zobe: tumatir, tattasai, attaruhu, kabeji. Da bazara ga mangwaro da kashu. Gwaba ta fi lemu nesa ba kusa ba, giram 100 nata ya haura miligiram 200, wato guda ɗaya ta wadatar da babban mutum yini guda. Ɗanyen jan tattasai ma ya fi lemu. Gwanda na kusa da lemu. Farin garin nan na cikin ƙwallon kuka, wanda ake kaɗawa a nono, shi ma yana da shi sosai.

A tukunya ake yin asarar. Bitamin C ba ya son zafi, yana narkewa a ruwa, kanwa kuma na lalata shi. Zogalen da aka tafasa har ya yi laushi, aka tsiyaye ruwan aka zubar, yawancin bitamin C ɗinsa ya bi ruwan. Ba a ce a daina kwaɗo ba. A rage daɗewarsa a wuta, sannan a yanka ɗanyen tumatir da tattasai da albasa a kai, a matsa lemun tsami lokacin da za a ci. Alayyafo da sauran ganye a zuba su a ƙarshen girki, a rufe tukunya 'yan mintuna a sauke. Kanwa a rage ta iya abin da zai sa miya ta yi yauƙi. Busasshen tumatir da busasshiyar kuɓewa suna da nasu amfanin, amma rana ta riga ta cinye yawancin bitamin C ɗinsu. Lemu kuma a sha shi da zarar an yanka.

Ga mace mai ƙarancin jini akwai dabara mai sauƙi: ta sha lemu ko ta ci gwaba tare da abincin wake ko ganye, shayi kuma ta jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci, domin ganyen shayi na hana ayon shiga jiki.

Zink ya fi yawa kuma ya fi saurin shiga jiki daga nama, musamman jan nama da hanta. Giram 100 na dafaffen naman sa na ba da kusan miligiram 5. Akwai shi a kifi da ƙwai da nono, da wake da gyaɗa da riɗi da agushi. Wanda nama ya fi ƙarfin aljihunsa, iyayenmu mata sun riga sun bar masa hanya. Jiƙa gero ya kwana, barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, jiƙa wake kafin a dafa, duk suna karya sinadarin nan da ke ɗaure zink. Kunun yaron da ya kai wata shida kada ya tsaya a gasara da sukari kawai. A sa masa garin gyaɗa ko na waken suya, a daka busasshen kifi a tankaɗe a zuba cokali guda, in da hali a murje masa gwaiduwar ƙwai ko 'yar hanta.

Mataki na huɗu: idan gudawa ta kama yaro

A nan ne ƙwayar zink ta fi kowane amfani, kuma a nan nake roƙon a tsaya a karanta da kyau.

Yadda abin ke farawa kusan iri ɗaya ne. Uwa ta zo kemis da goyo, ta kwanto shi, ya langaɓe a kafaɗarta.

"Malam, a taimaka mini da maganin haƙori. Tun jiya yake zawo."

"Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Wata nawa gare shi? Akwai jini a kashin? Yana kama nono?"

Mai kemis ɗin da ya yi waɗannan tambayoyi ya san aikinsa. Fitar haƙori na sa yaro ƙaiƙayin dasashi da dalalar miyau, amma zawo mai ruwa ƙwayar cuta ce ta shiga, sau da yawa daga abin da yaron ke ɗauka a ƙasa yana kaiwa baki a daidai wannan shekaru. Abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Flagyl da kafso ɗin nan mai ja da rawaya ba sa mayar da ruwa, kuma yawancin gudawar yara ba ta buƙatarsu, na biyun ma ba a ba ƙananan yara shi saboda yana ɓata haƙora. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da matsaya guda: ruwan gishiri da sukari na ORS, haɗe da zink na kwana 10 zuwa 14. A 2019 aka sa haɗin biyun a kwali ɗaya cikin jerin muhimman magunguna na duniya, kuma ana samunsa a asibitocin sha-ka-tafi da kemis-kemis.

Da farko a wanke hannu da sabulu. A duba jikin ledar ORS a ga yawan ruwan da aka rubuta. Idan lita ɗaya ce, ledar fiyawata biyu masu santilita 50 ke nan, ko ruwan da aka tafasa ya huce. A juye garin gaba ɗaya, kada a raba shi biyu da ido, kada a ƙara sukari don yaro ya so shi. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, wato rubu'i zuwa rabin kofin shayi, da cokali, kaɗan-kaɗan. Ɗan shekara 2 zuwa 10 a ba shi rabin kofi zuwa kofi guda. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. Idan dare ya yi babu ORS a kusa, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, a shafe ba a tula ba, a cikin lita ɗaya, kafin gari ya waye.

Sai zink. Ƙwayar yara miligiram 20 ce, mai tsaga a tsakiya, kuma an yi ta ne don ta narke. Abin da aka saba rubutawa a kwali shi ne ƙwaya ɗaya a rana ga wanda ya kai wata 6, rabi ga wanda bai kai ba. A ɗora ta a cokali, uwa ta tatso nono kaɗan a kai ko a ɗiga ruwa mai tsabta. Cikin ƙasa da minti guda za a ga ta kumbura ta wargaje ta zama farin ruwa mai ɗan kauri. A ɗaga kan yaron, a zuba ta gefen kunci, a bi da nono. An fi so a ba shi bayan ya ɗan ci wani abu, domin zink na tayar da zuciya a cikin da ba kowa. Idan ya amayar nan take, a bari ya natsu a sake ba shi. Wani babban gwaji da aka yi a Indiya da Tanzaniya, aka wallafa a 2020, ya nuna miligiram 5 ko 10 ma na aiki kuma amai ya fi sauƙi da su, don haka idan ma'aikacin lafiya ya ce a rage yawan, a bi abin da ya ce.

Inda ake faɗuwa shi ne rana ta uku. Zawo ya tsaya, yaro ya fara wasa, sai a ce ai ya warke. Mun saba da sha yanzu magani yanzu, shi kuwa zink aikinsa biyu ne. Na farko rage tsawon gudawar da tsananinta. Na biyu mayar da abin da ya zube da gyara bangon hanji, wanda ke rage yiwuwar gudawar ta dawo har wata 2 zuwa 3 masu zuwa. Wannan na biyun ba ya samuwa sai an cika kwanakin. A ɗaura shan da wani abin da ba a mantawa, misali bayan kunun safe, kuma kada a raba kwalin da ɗan maƙwabta, kowane yaro da nasa. Uban yaro ma ya sa ido, ya riƙa tambaya da yamma ko an ba shi na yau.

Kada a janye nono, kada a hana abinci. Lemun kwalba da ruwan leda mai zaƙi suna ƙara zawo.

Akwai alamun da idan an ga ko ɗaya ba a zama a gida: jini a kashi, yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, fatar ciki in an ja ta ba ta komawa da sauri, barcin da ba a iya tashinsa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, ko kwana 3 ba sauƙi. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa tun farko asibiti za a kai shi. A cikin birni akwai Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa da Asibitin Koyarwa na Tarayya da Babban Asibiti, a Daura akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, kuma a ci gaba da ba shi ORS a hanya. Da damina, idan babba ko yaro ya kama zawo mai kama da ruwan shinkafa yana zuba ba tsayawa, a ɗauka amai da gudawa ne, a garzaya. Yaron da ke karɓar abincin tamowa na leda kuma akwai zink a cikinsa, kada a ƙara masa ƙwaya sai masu kula da shi sun ce.

Mataki na biyar: mura da tari

An yi gwaje-gwaje masu yawa a kan bitamin C da mura, kuma nazarin da ya tattara su a 2013 ya nuna shan sa kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa. Abin da yake yi shi ne rage tsawon murar da kusan kashi 8 cikin 100 ga manya, 14 ga yara, ga wanda dama yake sha tun kafin ta zo. Wanda ya fara sha bayan ta kama shi ba a ga wani tabbataccen bambanci ba. Zink na tsotsa, idan an fara cikin awa 24 na farko, yana iya rage kwanakin murar babban mutum, amma yana barin ɗaci a baki da tashin zuciya, kuma na 'yan kwanaki ne kawai. Wanda ake fesawa ko shafawa a hanci a guje shi, domin a 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutane sun rasa jin ƙamshi. Korona ma, gwajin da aka yi a Amurka aka wallafa a 2021, inda aka ba marasa lafiya bitamin C da zink masu yawa, bai nuna sun warke da wuri ba.

Abin da na fi tsoro a nan shi ne jinkiri. Zazzaɓi a Katsina, musamman daga damina zuwa kaka, gwajin maleriya yake nema a ranar. Yaro mai tari da numfashi da sauri ko haƙarƙari na faɗawa ciwon huhu ake zargi. Tarin da ya wuce mako 2 a gwada majina, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Bitamin C ba ya maganin ko ɗaya daga cikin ukun.

Mataki na shida: sayen ƙwayar

Idan an tabbatar ana buƙata, a saya a famasi ko kemis mai rajista. Na tire da ke yawo a tasha da ranar kasuwa ya sha rana, bitamin C kuwa zafi da damshi na kashe shi. A duba lambar NAFDAC, da ranar da zai lalace, wadda ake rubutawa bayan haruffan EXP. Farar ƙwayar da ta koma ruwan ƙasa ko ta manne da 'yar'uwarta ta tashi aiki. Na kati ko kwalba a rufe ya fi wanda ake ƙirgowa daga babban gwangwani, domin shi ba ka ga kwanan watansa ba.

Ƙwayar miligiram 100 ta bitamin C, mai arha, ta isa cike giɓin abinci. Jiki na tsotsar kashi 70 zuwa 90 cikin 100 idan abin da aka sha bai wuce miligiram 180 ba, amma da an haura 1,000 sai ya koma ƙasa da rabi, abin da ya shiga ya yi yawa kuma ƙoda ta fitar da shi a fitsari.

Lambar da ke jikin kwalbar zink tana ruɗarwa. Wani kamfani na rubuta nauyin gishirin gaba ɗaya, wani na rubuta zink ɗin da ke ciki zalla. Miligiram 220 na zink salfet yana ɗauke da zink zalla miligiram 50, wanda ya riga ya haura iyakar miligiram 40 da aka sa wa babban mutum a rana. Ka tambayi mai famasi: zink ɗin kansa nawa ne a ciki? In kana shan wani maganin ƙarin kuzari mai haɗe-haɗe, ka duba shi ma, don sau da yawa akwai zink a ciki.

Masu tallar zink a matsayin maganin ƙarfin maza ko na haihuwa suna wuce gona da iri. Yana gyara wanda ke da ƙarancinsa ne kawai. Gwajin da aka yi a Amurka kan ma'aurata sama da 2,000 masu neman haihuwa, aka wallafa a 2020, bai ga ƙarin haihuwa ba a wurin mazan da suka sha zink da folik asid wata 6. Haka ƙarin ruwan bitamin C da ake ɗaura wa mata a ɗakin kwalliya don hasken fata: babu hujjar da ta tsaya a kai, ga haɗarin allurar da ba a san tsabtarta ba.

Mataki na bakwai: yadda ake sha da waɗanda za su yi hattara

Dukansu a sha bayan abinci da ruwa kofi guda. Mai azumi ya bari sai ya ci abinci bayan buɗa-baki, kada ya haɗiyi zink da ruwan farko. Mai gyambon ciki ya tsaya a ƙaramar ƙwayar bitamin C. Ta taunawa tana da tsami da sukari, a kurkure baki bayanta, kuma a ɓoye ta daga yara domin alewa suke ɗaukarta.

Iyakar bitamin C ga babba miligiram 2,000 ce a rana, ga ɗan shekara 1 zuwa 3 kuma 400. Wuce haka na kawo murɗar ciki da zawo. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, ko ƙodarsa ke da rauni, ya nisanci manyan ƙwayoyin, musamman a zafin Afrilu da Mayu da fitsari ke raguwa. Mai sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini ayon na taruwa a jikinsa, bitamin C mai yawa kuma na ƙara tsotso shi, don haka shi da zink duka sai da izinin likitan da ke duba shi. Ƙwayar bitamin C mai tafasa a ruwa na ɗauke da sinadarin gishiri, mai hawan jini ya sani. Mai ciwon suga ya sani cewa shan mai yawa na iya ruɗa wasu na'urorin gwajin yatsa. Mai ciki ta riƙe maganin ƙarin jini da folik asid da aka ba ta a wurin awo, kada ta ƙara komai a kai sai ta nuna wa ma'aikaciyar jinya kwalin.

Zink na rage ƙarfin wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su siprofuloksasin da doksisaikilin da tetirasaikilin. A sha maganin awa 2 kafin zink, ko awa 4 zuwa 6 bayansa. Ƙwayar ayon ma a raba lokacinta da na zink, ɗaya da safe ɗaya da dare. Shan zink mai yawa na tsawon watanni na hana jiki tsotsar sinadarin tagulla, abin da ke jawo ƙarancin jini da raunin garkuwa da mutuwar ƙafafu. Duk wanda ya daɗe yana shan miligiram 50 kullum ya fara jin jiri, ko tafin ƙafa na masa kamar ana tsira allura, ya dakata da shi, ya ɗauki kwalbar ya tafi da ita asibiti a auna jininsa.